Bindigar Kaka Arzika da Ba Ta Harbi

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwarmu a Bodinga ya san ba agogo ke sanar da mu hantsi ba. Da rana ta ɗago ta taɓa saman katangar gidanmu, sai a ji daga zaure: ƙaras… ƙwas! Sai shiru. Can kuma: ƙaras… ƙwas! Daga nan sai dogon tsaki, sai muryar kakana Malam Arzika, Allah Ya jiƙansa, yana ce wa kansa, "Saura ƙiris."

Da wannan "saura ƙiris" na buɗe ido na ga duniya. Da ita aka yaye ni, da ita na shiga firamare, na tafi kwaleji a Sakkwato na dawo hutu na tarar da ita inda na bar ta. Ku da kuka san shi, na san tun yanzu kun fara murmushi. Waɗanda ba su san shi ba kuwa, bari in gaya muku abin da ke wannan ƙara.

Bindiga ce. To, kada gabanku ya faɗi, ko sauro ba ta taɓa kashewa ba. Ta kwaikwayo ce, irin wadda Turawa ke ƙerawa don a rataye a bango a yi ado. Bakinta a toshe yake da ƙarfe, babu ma inda harsashi zai bi. Amma kyau kam tana da shi. Katakon gindinta ja ne kamar nunannen dabino. A ƙarƙashinta akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake zura yatsu a ciki, a tura gaba, a dawo da shi baya. Kaka na kiransa liba, kamar ta mota. Wannan liba ita ta cinye masa rabin rayuwa.

Sana'arsa gyaran keken ɗinki ce a kasuwar Bodinga. Tun yana saurayi yakan shiga Sakkwato kallon fim ɗin kaboyi, kuma a can ne abin ya shiga ransa.

"Ni ba dawaki nika kallo ba, Balki," in ji shi. "Hannun mutumen nika kallo. Shi tura, shi maido, awa mai shafa kan jinjiri. Ko ƙwas ba ki ji!"

Ni dai ina zargin ihun 'yan kallo ne ya hana shi jin ƙarar. Amma wa ya isa ya gaya masa?

Da wani abokinsa direba ya tsinto masa irin bindigar kaboyin nan a cikin kayan gwanjo, an ce ranar ko tuwo bai ci ba. Sai dai da ya ja libar, maimakon ta wuce sumul, sai ta cije a tsakiya, ta yi wani ƙugi kamar tsohuwar ƙofar langa-langa. Tun daga ranar ya ɗaura ɗamara. Burinsa guda ne, kowa a gidanmu ya haddace shi: ya ja libar nan da ƙaramin yatsa, ta je ta dawo ba tare da ta ce uffan ba.

Har alƙali yake da shi. Akwai wata kurciya da ke sauka a kan katangar da ke kallon ƙofar zaure. Duk lokacin da ya ja, ƙwas, sai ta yi fir ta tashi.

"Ranar da nij ja, Alƙaliya ba ta motsa ba, to na gama aikina duniya," haka yake faɗa.

Na taɓa tambayarsa, "Kaka, yaya aka yi ka san ita ce dai kurciyar bara? Ai kurciyoyi kama gare su."

Ya dube ni da tausayi. "Wai ke 'yar boko! Ba ki ganin yadda taka harara ta?"

Kullum da hantsi zai shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma, ya kwance bindigar da sukundireba, ya jera ƙananan ƙarafunan cikinta kamar mai tallar goro. Ga magagari, ga samfefa da ya yayyanka ƙanana, ga tsumma. Ya goga nan, ya hura, ya ɗaga wajen haske ya kanne ido ɗaya. Ya haɗa, ya ja, ya yi tsaki, ya sake kwancewa. Har duniya gaba ɗaya ya koma aunawa da libarsa. In tuwo ya yi gudaji, sai ya ce, "Tuwon yau shina cijewa a tsakiya." In mutum mai taurin kai ne, "Wanga ba a taɓa sa mai samfefa ba." Wani bawan Allah da ya zo gaishe shi ya yi ta in-ina, yana fita Kaka ya ce, "Yaron kirki na. Mai kawai shika so."

Maganar mai kuwa, a nan ne ya haɗu da kakata, Inna Kulu.

Babu man da bai gwada ba. Man keken ɗinki ya ce ya cika ruwa. Giris ya ce ya cika danƙo. Baƙin mai ya ɓata masa farar riga, man kaɗe ya daskare. Ana nan, wata Bafulatana da ke kawo mana nono daga wajen Danchadi ta kawo wa Inna man shanu mai kyau. Inna ta soya shi da albasa, ta zuba a kwalba, ta ɓoye bayan kwanoni don tuwon Juma'a. Kaka ya zauna ya yi nazari irin nasa. Abin da ke sa tuwon dawa na jiya ya wuce maƙogwaro ba gardama, ai ƙarfe bai isa ya gagare shi ba.

Washegari Inna ta fito tsakar gida tana shinshina iska. Hancinta ya ja ta har zaure.

"Malam, mi ya sa bindigarka ka ƙamshin tuwon Sallah?"

"Ke dai kin cika zato, Kulu."

"Zato? To wagga kyanwa da ka lasar gindinta, ita ma zato taka yi?"

Ya waiga, ga kyanwar maƙwabta ta lumshe ido tana aiki. Ya kore ta, ya ɗauki bindigar ya rungume. Ashe kiyashi sun riga kowa. Sun yi layi tun daga bakin ƙofa, suna shiga ta ƙarƙashin liba suna fita ta wajen kunamar bindigar. Kafin ya ankara sun bi hannun rigarsa sun haye. Jama'a, na ga tsoho mai furfura yana rawar da ko a gidan biki ban taɓa gani ba! Yana tsalle, yana kaɗe hammata, amma bai saki bindigar ba.

Inna ta riƙe ƙugu. "Ina man shanuna?"

Ya tsaya yana haki, ya dubi layin kiyashi, ya ce, "Ai ga shaida nan, Kulu. Ko su sun san man ga mai kyau na. Hannunki da albarka."

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, dariya ta ƙwace mata. Ranar Juma'ar nan da man gyaɗa muka ci tuwo.

Sai tafiyarmu Shagari. Wannan kam har gobe in na tuna sai na yi dariya.

Yana da wani tsohon aboki maƙeri a can, Jabbi, wanda aka ce yana da dutsen washi mai laushi kamar sabulu. Kaka ya ce sai ya kai bindigar an gwada dutsen a jikinta. Kun san yadda hanya ta zama a shekarun nan, da shingen jami'an tsaro nan da can, kowa a tsorace. Babana ya roƙe shi. Inna ta roƙe shi. Ni da zan je gaida Goggo a Shagari aka ce in raka shi, har ƙwalla na yi.

"Kaka, ka aika a kawo dutsen mana!"

"Marar lahiya aka kai wa likita, Balki."

Ya naɗe ta a zanen Inna, ya naɗe zanen a tabarma, muka shiga bas. Ba mu yi nisa ba muka iso shinge. Wani matashin jami'i ya leƙo ta taga, ya yi sallama da ladabi.

"Baba, mene ne a tabarmar nan?"

Na danne masa ƙafa da tawa. Na yi masa ido. Kaka ya gyara hula, ya ɗaga murya yadda har na bayan mota za su ji.

"Bindiga ta!"

Wata mata da ke riƙe da kaji biyu ta fara salati, kajin suka taya ta. Aka sauke mu. Aka kwance tabarma a gefen titi, aka yaye zane. Babbansu, wani mai ƙiba da furfura a gefen kai, ya zo ya ɗauka. Ya juya ta, ya leƙa bakinta, ya tsinko kara ya zura, karan ya tokare. Sai ya fashe da dariya.

"Kai, ku bar tsoho ya tafi. Abin wasan yara ne."

Na ce alhamdu lillahi, na fara naɗe tabarma. Na waiga, Kaka bai motsa ba.

"Mi kac ce?"

"Na ce ka tafi, Baba, babu laifi."

"A'a, kahin nan. Abin wasan wa?"

Direba ya sauko yana tafa hannu. "Baba, don girman Allah! An sake ka!"

"Ba ni son sakin wulaƙanci. Shi janye."

Fasinjoji suka yi ca. Mai kaji ta ce, "Tsoho, ka ji tsoron Allah, kasuwa za ni!" Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Babban jami'in, Allah Ya saka masa da alheri, mutum ne mai haƙuri. Ya danne dariyarsa ya ce, "To Baba, me kake so in ce?"

"Ka ce bindiga ta. Sai dai ba ta harbi."

Mutumin ya ƙame, ya haɗa ƙafa. "Bindiga ce, ranka ya daɗe. Sai dai ba ta harbi."

"Yawwa, ɗan albarka. To ja libag ga ka ji. Ka ji inda taka cijewa? Nan, tsakiya." Sai ya kai ido kan wadda ke rataye a kafaɗar jami'in, ya karkata kai. "Taka ma, da za ka ba ni ita kwana biyu…"

Da ni da direba muka ɗauke shi cak muka sa a mota.

Kuma kun san abin haushin? Da muka isa maƙerar Jabbi, bayan duk wannan wahala, Jabbi ya ja libar sau ɗaya, ya gyaɗa kai, ya miƙa hannu ya ɗauko guduma.

"Arzika, duka guda ya ishe ta."

Kaka ya fizge abarsa, ya naɗe, ko furar da aka dama masa bai taɓa ba. "Tashi mu tahi, Balki. Wanga mahauci na, ba likita ba." Jabbi ya biyo mu har bakin hanya yana dariya, ya jefa masa dutsen washin a aljihu. Kaka bai yi godiya ba, bai kuma mayar ba.

Dabarar da ta fi yi masa amfani, a wajen Inna ya same ta. Wata rana yana kallonta tana sa kwalli, sai ya yi zumbur. Ya gano in ya shafa kwalli a jikin ƙarafunan, ya haɗa, ya ja libar, to duk inda kwallin ya goge ya bar haske, nan ne ƙarfe ke cin ƙarfe. Sai ya bi wurin da dutsen Jabbi, a hankali, kamar mai share wa yaro hawaye. Daga ranar tandun kwallin Inna ya daina kwana wuri ɗaya. Ita tana cigiya, shi yana rantsuwa, ga baƙi dumu-dumu a gemunsa da kan hancinsa. Haka ya je masallaci wata azahar, har liman ya tambaye shi ko gobara aka yi a gidanmu.

A shekarun ne idon Inna ya fara dushewa. Da farko zare ne ya daina shiga allura. Daga baya fuskokinmu suka zama inuwa. An kai ta asibiti a Sakkwato, aka yi abin da za a iya, amma hasken ya ci gaba da janyewa kamar ruwan fadama da rani. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Wata safiya ta laluba ta ɗauko tandun da kanta, ta ce in kai masa.

"Ce mai shi riƙe. Ni ban ganin madubi yanzu, shi daina wahalar sata."

Da na miƙa masa, ya daɗe yana juya tandun a tafin hannunsa. Ranar ban ji "saura ƙiris" ba.

Amma kwallin ya yi aiki. A hankali ƙaras ta koma saras, ƙwas ta koma ɗan ƙis. Har wani hutu da na zo gida, ina zaune kusa da shi a zaure ina tsince masa tsumma, ya haɗa ta, ya yi bisimilla, ya zura ƙaramin yatsa.

Libar ta tafi. Ta dawo. Ban ji komai ba.

Ya sake ja. Shiru, kamar an zare gashi daga cikin mai. Muka ɗaga kai tare. Alƙaliya na kan katanga, tana tsefe fiffikenta da baki, ko kallonmu ba ta yi ba.

"Balki," ya ce da raɗa, idonsa ya cika da ruwa, "ta zamna."

Ban taɓa ganin fuska mai haske irin tasa a lokacin ba. Ya ƙi tashi. Ya yi ta ja, yana ja, yana dariya marar sauti don kada ya kori kurciyar. Rana ta yi sama, mu ba mu sani ba.

Sai muka ji wani abu ya faɗi a tsakar gida, kwano ya yi ƙara. Sai muryar Inna, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba.

"Malam? Malam!"

Na tashi da gudu. Ga ta tana bin bango da tafin hannu, ɗankwali ya zame, ta yi tuntuɓe da turmi har ƙwaurinta ya fashe yana jini. Na kama ta, ta ture ni. Ta ci gaba da lalube har zaure, har hannunta ya sauka a kan hularsa, ya gangaro goshinsa, ya tsaya a gemu.

"Ashe kana nan," ta ce.

"Ina za ni, Kulu? Ke, albishirinki! Ta yi! Alƙaliya…"

"Tun da hantsi nika saurare. Ban ji ka ba. Nic ce ko ka hwaɗi hanyar masallaci. Nic ce ko…" Ta haɗiye sauran. Sai faɗa ya zo mata, don shi ya fi sauƙi. "Shekara da shekaru kana hana ni sakat da wagga ƙara! Yanzu da ba ni da abin da nika ganinka da shi sai ita, yanzu ne za ka kashe ta?"

Kaka ya dubi bindigar a cinyarsa. Ya dubi jinin da ke ƙafarta. Ya ɗauki farin ƙyallen nan da ko mu jikoki ba ya yarda mu taɓa, ya duƙa ya ɗaure mata ciwon da shi.

Da la'asar na hango shi ta ƙofar zaure. Ya sake kwance ta. Ba dutsen Jabbi ne a hannunsa ba, magagari ne, babban, mai kaushi, wanda ya daina amfani da shi tun ina ƙarama. Ya kafa shi a daidai wurin da ya shafe shekaru yana lallashi, ya rufe ido, ya ja.

Washegari da hantsi: ƘARAS… ƘWAS! Wallahi har awakin maƙwabta sai da suka firgita. Alƙaliya ta yi sama kamar an jefe ta. Daga cikin gida muka ji Inna ta ce, "Balki, kai mai kununai, ya dawo."

Babana ya leƙa zaure yana mamaki. "Baba, ba jiya aka ce ta gyaru ba?"

Kaka ko ɗaga kai bai yi ba. "Santsin ya yi yawa, Bello. Bindigar da ba ta magana, ai sanda ta." Ya sake ja, ya saurara, ya yi tsakinsa na kullum. "Saura ƙiris."

Haka ya ci gaba da faɗa har ƙarshe. Yana shimfiɗa tsummansa, yana jera ƙarafunansa, yana goge ko'ina, ban da wuri ɗaya.

Ya rasu bayan an kai gero gida, cikin sauƙi, bayan gajeriyar jinya. Da aka share makoki, wasu daga cikin dangi suka ce a rabu da bindigar, zamani ya lalace, kada ta jawo magana. Inna ta ce duk wanda ya fitar da ita daga zauren nan ya haɗa da ita. Aka bar ta.

Yanzu in ina gida, ni ke zama a tabarmarsa da hantsi. In na koma makaranta, babana ne, shi da ya fi kowa yi wa abin dariya. Ina zura yatsu, in tura, in ji ta cije a daidai wurin nan, in dawo da ita. Kurciya ta tashi. Sai in ji muryar Inna daga ɗaki.

"Ba haka shika ja ba. Kin cika garaje. Sake."

Sai in sake.

Ya Allah, ga bawanka Arzika nan ya zo maka, da baƙin kwalli a gemu. Ka yafe masa, Ka haskaka makwancinsa, Ka ba Inna haƙurin jira. Ranar da zai hau siraɗi, Ka sa ya wuce sumul, kada ya cije masa ko a tsakiya. Amin.